Ɗigon bitamin D3 ga yaro mai ciwon sukari: abin da na gani cikin wata shida

Tun da aka gano 'yata tana da ciwon sukari nau'i na 1, wanda jiki ba ya iya samar da sinadarin insulin mai daidaita sukarin jini, hankalinmu ya tattara ne kacokan a kan allurar insulin da awon sukari, har sai da ta fara kukan ciwon ƙafa da dare tana da shekara 10. Likitarta ta sa aka ɗebi jininta, sakamakon kuma ya nuna bitamin D ɗinta bai kai nanogiram 20 a kowace mililita ba, matakin da likitoci da yawa ke ɗauka a matsayin ƙaranci. Daga nan muka fara ba ta ɗigon D3, wato wani nau'in bitamin D, na ƙaramar kwalba, wanda kowane ɗigo ke ɗauke da IU 400 (IU ma'auni ne na yawan bitamin), bisa adadin da likitar ta rubuta.

Babban abin da ya sa na fifita ɗigon a kan irin wanda ake taunawa kamar alewa shi ne babu sukari a cikinsa, domin a cikin mai aka narkar da bitamin ɗin, saboda haka ba ya shiga lissafin sukarin abinci da muke yi kafin kowace allurar insulin. Ba shi da ɗaci ko wari. Ina ɗiga mata shi a cokali lokacin cin abinci, tunda jiki ya fi shan wannan bitamin idan ya haɗu da maiƙo, kuma ba ta taɓa juya baki ba.

Dalilin damuwata a fili yake. Sai da bitamin D hanji ke iya tsotsar kalsiyam, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, yadda ya kamata, insulin kuma yana cikin abubuwan da ke zaburar da ƙwayoyin da ke gina ƙashi, sannan idan sukari ya hau, kalsiyam yakan zube ta fitsari. Yaro mai wannan ciwo yana iya yin asara ta fuska biyu ke nan, a daidai shekarun da ake tara mafi yawan ƙarfin ƙashin da mutum zai rayu da shi. Bayan wata uku an sake awon, adadin ya haura zuwa inda ake so, ciwon ƙafar ma ya lafa. Duk da haka ba zan ɗora wa ɗigon nauyin da ya fi ƙarfinsa ba, don a watannin nan ne kuma muka ƙara daidaita sukarinta.

Inda na ga gazawa shi ne kwalbar kanta. Bakinta yakan yi jinkiri, sai mutum ya girgiza ta ɗigo biyu su faɗo tare, rubutun jikinta kuma ƙanana ne ƙwarai, an rubuta maikirogiram 10 a gefe guda da IU 400 a wani gefen ba tare da bayanin cewa abu ɗaya ne ba. Wannan ba ƙaramin sakaci ba ne, domin bitamin D yana taruwa a jiki, idan ya yi yawa kuma yakan ɗaga kalsiyam na jini ya kawo ƙishirwa da yawan fitsari da amai, alamun da iyaye irinmu za su ɗauka hawan sukari ne. Shi ya sa nake ƙirga ɗigon a cokali, ba kai tsaye a bakinta ba, kuma ba na ƙara ko ɗaya sai likitar ta ga sabon awo.