Sharhi: na daina biyan masu gyaran kwamfuta duk wata, na koma biyan tsaro da manhaja

Abokan kasuwanci da dama sun tambaye ni ko na yi da-na-sanin rabuwa da kamfanin da ke kula mana da kwamfutoci, to ga amsar a wuri ɗaya. Sarin kayan masarufi muke yi a kasuwar Singa da ke Kano, shago ɗaya da sito biyu. Mun daɗe muna biyan wani kamfani kuɗin wata, a kan idan wani abu ya lalace su turo injiniya. Ba zan ci haƙƙinsu ba, suna zuwa. Amma zuwan nasu kullum ihu ne bayan hari: firinta ta ƙi, a gyara, kwamfuta ta yi nauyi, a sake zuba mata Windows, a hure ƙura a tafi. Watanni da yawa babu wanda ke tako shagon, kuɗi kuwa ba sa fashin fita.

Da na soke yarjejeniyar, kuɗin sai na zuba su a manhajar lissafin kaya da bashi, da manhajar tsaro a kowace kwamfuta, da wata ma'ajiya ta intanet da ke kwafe fayilolinmu da kanta kowane dare. Na kuma canza tsofaffin kwamfutoci biyu, domin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, su kuma ba sa ɗaukar Windows 11. Imel ɗin shago da WhatsApp duk muka sa musu tabbatarwa mai mataki biyu, wato ƙarin lambar sirri da ake nema kafin a shiga, wannan kam kyauta ne.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan sharhi wata ranar Litinin ce da hantsi, kasuwa ta cika, 'yan dako suna ta loda mota. Ɗan yayata da ke riƙe mana lissafi ya leƙo, fuskarsa duk ta canza, ya ce: “Kawu, zo ka ga abin da kwamfutar nan take yi.” Saƙo ne ya shigo imel da sunan wani dila da muke karɓar kaya a wurinsa, wai ga takardar sabon farashi. Sunan daidai, tambarin daidai, harafi ɗaya kawai aka sauya a adireshin. Yana danna takardar bai ga komai ba, ya ci gaba da aikinsa. Can sai fayiloli suka fara ƙin buɗewa. Ina tsaye a kansa na ga sunayensu sun koma wasu haruffa marasa kan gado, ga kuma wata 'yar takarda da Turanci a cikin kowane kundi, tana cewa an kulle mana bayanai, mu biya da kuɗin intanet na Bitcoin kafin a ba mu mabuɗi.

Wallahi sai da ƙafafuna suka yi sanyi. A cikin abin da aka kulle akwai tsohon littafin bashinmu na Excel wanda ba mu gama kwashewa zuwa sabuwar manhaja ba. Duk wanda ke sari ya san me hakan ke nufi. Akwai mai shago a Bichi da ya ɗauki kaya zai cika bayan sati biyu, akwai abokan ciniki daga Maraɗi da Damagaram da muke hulɗa da su a kan amana, wannan ya rage kaza, wancan ya dawo da katan goma da suka jiƙe. Babu kan da zai riƙe wannan duka. Idan ya ɓace, ko dai ka yafe dukiya, ko ka shiga jayayya da mutanen da kuka shekara ashirin ba ku taɓa sa-in-sa ba. Na biyun ya fi tayar mini da hankali.

Manhajar tsaron ba ta hana abin shigowa ba, kuma wannan ina riƙe da shi a kanta. Abin da ta yi shi ne, da ta ga ana sauya fayiloli da yawa a lokaci guda, sai ta tsayar da aikin, ta yanke kwamfutar daga sauran, ta turo mini gargaɗi a waya. Shi ya sa kwamfutocin sito ba su kamu ba. Wadda ta cece mu da gaske ma'ajiyar ce. A nan akwai abin da nake son kowane mai shago ya gane kafin ya biya ko sisi: kwafi kawai ba ya wadatarwa. Idan faifan da kake kwafe bayanai yana maƙale a jikin kwamfutar, tare za a kulle su. Idan kuma ma'ajiyarka irin wadda ke bin duk sauyin da aka yi ce nan take, to lalatattun fayilolin za ta ɗauka ta ɗora a kan masu kyau. Tamu tana ajiye tsofaffin kwafi na kwanakin baya daban-daban. Yaron ya shiga ta sabuwar kwamfuta, ya zaɓi kwafin daren Lahadi, muka zuba wa allo ido muna kallon layin nan yana cika a hankali. Da ya buɗe littafin bashin na ga sunan farko da adadinsa yadda na san shi, Alhamdulillahi kawai nake maimaitawa. Kafin la'asar mun koma aiki, cinikin safiyar ranar ne kaɗai muka sake shigarwa daga rasit. Ko kwabo ba mu ba ɓarayin ba.

Da a ranar na rubuta wannan, da yabo ne zalla. Amma akwai abin da har yanzu yake ci mini rai.

Manhajar lissafin tana da tsarin tura wa masu bashi tunatarwa da kanta, kuma a kunne yake zuwa. Haka ta tura wa wani dattijo, sa'an mahaifina, wanda tun zamanin marigayin yake sayen kaya a wurinmu, saƙon cewa ana bin sa kaza, ya biya kafin Juma'a. Babu sallama, babu gaisuwa, babu Alhaji. Ya kira ni da kansa, muryarsa a sanyaye, ya ce: “Ɗana, yanzu har mun kai nan?” Na ce: “Baba, ka yi haƙuri, wallahi na'ura ce ta turo, ba da bakina ba.” Sai da na je har gida na ba shi haƙuri. Wanda ya ƙera wannan tsari bai san yadda ake bin bashi a kasuwarmu ba, kuma bai ba ka damar ware waɗanda ba a yi musu haka ba, ko ka kunna wa kowa ko ka kashe wa kowa. Da na gwada rubuta saƙon da Hausa, ƙ da ɗ da ɓ duk alamar tambaya suke komawa a wayar mutane. Na kashe shi.

Da na nemi kai ƙorafi, babu mutum. Akwatin hira ne mai amsa da kansa, da Turanci, yana ta maimaita mini abu ɗaya. A nan na tuna injiniyan da, wanda ko ba komai zai zo ya tsaya a gabanka ka faɗa masa damuwarka da harshenka. Ranar da firintar rasit ta ƙi haɗuwa da sabuwar kwamfuta, da hannu muka yini muna rubuta rasit, babu wata manhaja da za ta zo ta duba waya ta ga inda ta kwance.

Ga kuma batun dala. Biyu daga cikin ukun da dala ake biyansu. Tun da aka bar kasuwa ta riƙa yanke farashin naira a watan Yunin 2023, dalar da ake samu a kusan 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a 2024, don haka kada kowa ya yi lissafin rarar da zai samu da farashin yau kaɗai. Kuɗin data ma an amince a ƙara shi da kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025, kuma waɗannan manhajoji da data suke rayuwa. Wanda ya tuna ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka samu matsala har hada-hadar bankuna ta rikice a Yammacin Afirka, ya tambayi mai sayar masa da manhaja ko tana karɓar ciniki idan babu sabis. Tamu tana karɓa, sai dai ba ta nuna kayan da suka rage a sito har sai sabis ya dawo.

Wajen haɗa kuɗin da suka shigo banki da rasit kam manhajar lissafin tana ƙoƙari. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 yawancin cinikinmu ya koma tiransifa, yanzu kuma kaya ba sa fita sai kuɗin sun bayyana a manhajar, ba a wayar mai saye ba. Alat na bogi ya daina cin mu.

Ma'ajiyar da manhajar tsaron zan sabunta su ko nawa suka koma. Ta lissafin kuwa ina duba wata da ake biya da naira, kuma wadda zan samu mutum in na kira. Na kuma yi magana da wani matashi mai gyara a kasuwar wayoyi ta Farm Centre, zai riƙa zuwa idan an kira shi, a biya shi kuɗin aikin da ya yi a ranar.