Kafin ka sayi sensar zaren gilashi: FBG, DTS ko DAS?

Zaren gilashin da ke kawo mana intanet, wanda masu sana'ar ke kira fayiba, yana iya zama kunne. Ana cusa masa haske, hasken da ya dawo kuma ya faɗi inda zafi ya tashi, ko inda ƙarfe ya miƙe, ko inda ake haƙa kusa da bututu. Amma kayan aunawar, wato sensa, iri-iri ne, akwai FBG, DTS da DAS, kuma ba mai sayarwar da zai ce maka nasa bai dace da aikinka ba.

In wurare ƙalilan kake son sa wa ido, kamar ginshiƙan gada ko bangon dam, FBG ne naka. Wasu 'yan zane-zane ne ake ƙonawa a cikin zaren da leza, kowanne yana mayar da launin haske guda, galibi kusa da nanomita 1550 a ma'aunin launin haske. Ƙarfe na miƙewa, launin na gusawa. Matsalar ita ce zafi ma yana gusar da shi, kusan pikomita 10 (pikomita dubu ne nanomita ɗaya) a kowane digirin Salshiyos. A ƙasar da kwalta ke narkewa da azahar, sanyi ya sauko da asuba, wanda ya sayi FBG ba tare da na biyu mai auna zafi kawai ba zai riƙa ganin gadarsa tana numfashi alhali lafiyarta ƙalau.

DTS kuwa zaren gaba ɗaya ne ma'aunin zafi, ya dace da kebul ɗin lantarki na ƙarƙashin ƙasa da ramukan da ake tsoron gobara. DAS shi ne mai sauraron jijjiga, kuma yana aiki da fayibar sadarwa ta gama-gari, wadda ake kira G.652. Shi ake tunani idan ana maganar tsaron dogon bututu irin na gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai kilomita 614. Tambayar da zan fara yi wa dillali ita ce: sau nawa na'urarka ke kururuwar ƙarya a mako? Garken shanu da motar haƙa duk girgiza ƙasa suke yi, kuma mai gadin da aka tayar sau goma a banza ba zai tashi na sha ɗaya ba.

Kada ƙasidar talla ta ruɗe ka. Nemi rahoton gwaji bisa ma'aunin IEC 61757, na hukumar ƙa'idojin kayan lantarki ta duniya: sashe na 1-1 na FBG ne, 2-2 na DTS, 3-2 na DAS. Kamfanonin mai kuma suna da hanyoyin gwajin ƙungiyar SEAFOM, ta masu sa ido da fayiba a ƙarƙashin teku. Ga wani wayo: za a rubuta maka cewa ana ɗaukar awo kowane santimita 25, alhali ainihin abin da na'urar ke iya bambancewa mita guda ne. Waɗannan lambobi biyu ne daban, sa a rubuta maka su duka.

Duba rigar zaren ma, wato robar da aka lulluɓe shi da ita. Ta akirileti ba ta jure abin da ya wuce digiri 85 sosai, ta foliyimid kuwa tana kaiwa 300. A rijiyar mai, iskar haidurojin na shiga gilashin ta dusashe shi, shi ya sa ake neman mai rufin kabon.

Na taɓa ganin aikin da aka kashe wa kuɗi masu yawa ya tsaya cik saboda ƙurar hunturu ta hau kan bakin kanekta, wato mahaɗin zaren. Zuciyar zaren mikiromita 9 ce kawai (mikiromita dubu ne milimita ɗaya), ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta toshe ta. Don haka kafin ka sa hannu, tambayi wa zai zo ya haɗa zaren in ya tsinke, kuma daga wane gari zai taso.