Daren rawar walza a Viyana: na je, na gani, na sha jiri

Maƙwabciyarmu, wata dattijuwa 'yar Ostiriya, ita ta matsa mana lamba. A wurinta abin kunya ne mutum ya shekara biyu a Viyana, babban birnin Ostiriya, bai taɓa taka walza ba. Ganin lokacin manyan bukukuwan rawa ya gabato, wanda suke buɗewa ranar 11 ga Nuwamba ya yi ƙamari a Janairu da Fabrairu, sai ni da maigidana muka shirya muka tafi daren gwaji a wata makarantar rawa. Su suna ce wa irin wannan dare Perfektion. Ba darasi ba ne, kiɗa kawai ake sakawa kowa ya gwada abin da ya iya. Kuɗin shiga bai taka kara ya karya ba.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne tsari. Kowa hagu yake kewaya ɗakin, saɓanin tafiyar hannun agogo, gwanaye ta gefen bango, 'yan koyo irinmu a tsakiya inda ba a gudu. Ba wanda ya gaya mana haka. Sai da muka ci karo da wasu tsofaffi biyu, mijin ya yi murmushi ya nuna mana tsakiya da haɓa.

Takun ba wuya a baki: ɗaya, biyu, uku, na farkon ya fi nauyi. Amma walza iri biyu ce. Akwai mai sanyi da suke jingina wa Ingila, wadda za ka iya yi kana hira. Ta Viyana kuwa saurinta ya ninka, bugu kusan 180 a minti guda, ga juyi ba tsayawa. Sunan ma daga kalmar Jamusanci ta juyawa ya samo asali. Kafin kiɗa ɗaya ya ƙare na ga fitilun rufi suna bin juna, na damƙe kafaɗar maigida na ce, "Baban Amira, tsaya, zan faɗi!" Shi ma ashe neman bango yake. Wata mai kula da wurin ta ce in daina kallon ƙafata, in riƙa duban sama da kafaɗarsa ta dama. Ya taimaka ƙwarai.

Ga abin da na so a ce an faɗa mini tun a gida. A wurinsu ba komai ba ne baƙo ya zo gabanki ya ɗan rusuna ya ce "Darf ich bitten?", wato ko za ki ba ni wannan rawa. Wani lokaci kuma a sanar da Damenwahl, mata su zaɓi maza. Riƙon na kusa ne, hannu cikin hannu, ɗayan hannun a bayanki. Turawan ma da rawar ta fara yaɗuwa wajen ƙarshen ƙarni na 18, da yawansu rashin kunya suka ɗauke ta saboda wannan riƙo. Ni dai da mijina kaɗai na zo yi. Sau uku aka tambaye ni, na dafa ƙirji na ce na gode, ba wanda ya ɓata rai. Wata baiwar Allah ma ta nufo maigida, na ga ya sunkuya yana gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

Batun kaya: ɗan kwalina bai dami kowa ba, doguwar rigata ce ta ci amanata, sau biyu ina taka bakinta. Ki sa wadda ta tsaya a idon sawu. Takalmi mai ƙasan roba kuma kama katako yake, gwiwa ta sha wuya wurin juyi. Mai ƙasan fata ake so.

Abin da bai yi mini ba, zafi. Taga a rufe, mutane cike, wajen ƙarfe tara ɗakin ya zama kamar gidan burodi. Duk da haka za mu koma, amma sai mun yi darasi ko huɗu ne tukuna. Juyin hagu, wato ku biyun ku riƙa juyawa ta hagu maimakon dama, ko gwada shi ba mu yi ba.