Unguwar dattawa: mai gidaje zalla ko mai sashen jinya a ciki?

'Yar'uwa, kin ce Mama tana da shekara 76, tana wanka da girki da kanta, amma gwiwa ta fara ba ta wahala, kuma ta taɓa faɗuwa sau ɗaya. Kun ga unguwannin dattawa biyu. Ta farko gidaje ne zalla, da lambu da zauren taro da mai gadi, kowa na harkar gabansa. Ta biyu tana da gidajen, sannan ga sashen taimako da sashen jinya a haraba ɗaya, sai dai ta fi tsada. Kina tambaya wacce ta fi.

Kafin a duba gini, a fara duba Mama. Likitoci suna auna ƙarfin tsoho da ayyuka shida, ma'aunin da Sidney Katz ya fitar a 1963: wanka, sa tufafi, zuwa banɗaki, tashi daga gado zuwa kujera, riƙe fitsari da bayan gida, da cin abinci da hannunsa. Wanda yake yin shidan nan ba tare da an kama shi ba, unguwa ta farko ta ishe shi a yau. Amma wanka ne yawanci yake fara gagara, kuma ma'aikatan unguwa mai gidaje zalla na shara ne da gyaran famfo da tsaro, ba masu jinya ba. Ranar da Mama ta kasa shiga wanka ita kaɗai, ko ku ɗauko mai kula daga waje ku biya, in dokar wurin ta yarda, ko a ce ku nemi wani wuri. A ta biyu kuwa, ma'aikaciya ce za ta riƙa zuwa mata har gida, in abin ya yi nauyi a mayar da ita sashen jinya, maƙwabtanta suna leƙo ta kamar da.

Faɗuwar nan kada ku ɗauke ta da wasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi 28 zuwa 35 cikin ɗari na masu shekara 65 zuwa sama suna faɗuwa kowace shekara, kuma wanda ya taɓa faɗuwa ya fi kusa da sake faɗuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya: neman gadon jinya a makon da za a sallami mutum daga asibiti da karayar ƙugu shi ne mafi munin lokacin zaɓe.

Sai dai ganin sashen jinya a haraba ba ya nufin an ajiye wa Mama gado. A nan ne mutane suka fi cutuwa. Wata yarjejeniyar "fifiko" kawai take bayarwa, wato in gado ya samu ita za a fara kira, in babu sai ta jira ko ta tafi wani wuri. A Amurka irin waɗannan unguwanni suna da manyan yarjejeniyoyi uku. Akwai wadda ake biyan kuɗin shiga mai yawa, kuɗin wata kuma kusan ba ya canzawa ko an koma sashen jinya. Akwai wadda take ba da wasu kwanaki na jinya ko rangwame, daga nan a biya cikakke. Ta uku shigarta da sauƙi, amma duk ranar jinya a farashin kasuwa za a biya ta. Ki sa a nuna miki a rubuce wacce ce tasu. Ki kuma tambaya wa yake yanke hukuncin mayar da ita sashen jinya, su ko ku, da ko suna karɓar mai cutar mantuwa, don ba kowane sashe yake da ƙofa mai tsaro da ma'aikatan da suka iya wannan aikin ba.

Batun kuɗi kuwa, duka biyun hannu uku suke karɓa: na shiga, na wata-wata, da na fita. Na ukun ne ba a cika faɗa da ƙarfi ba. A wurare da yawa ba gidan ake saya ba, izinin zama ne, sunan kamfani ne a takardar mallaka. A Ostareliya da New Zealand an saba cire wani kaso daga kuɗin shiga ranar fita, yana ƙaruwa shekara-shekara har ya kai iyaka, sau da yawa kashi 20 zuwa 30 ko sama da haka. Misali, in yarjejeniya ta ce kashi 6 a shekara, iyaka 30, wanda ya zuba 100 ya fita bayan shekara 3 zai karɓi 82, bayan shekara 5 kuma 70, kafin a cire kuɗin fenti da gyara. Wannan lissafin ya fi cizo a unguwa ta farko, domin lalurar da ta fitar da Mama ita ce take buƙatar kuɗin nan take, alhali wasu kamfanonin ba sa biya sai sun sami wanda zai shiga gidan, kuɗin wata kuma yana ci gaba da hawa. Ki nemi ranar ƙarshe ta biya a rubuce, da wanda zai ci ribar in darajar gidan ta tashi. Dokar New Zealand ta 2003 ta wajabta lauya ya yi wa mai shiga bayani kafin sa hannu, ta kuma ba shi kwanakin aiki 15 na janyewa. Ko dokar inda kuke ba ta ce haka ba, ku ɗauki lauyanku, ba na kamfanin ba. Ku kuma karɓi takardar kuɗin wata ta shekara biyar da suka wuce ku ga yadda yake tashi.

Ranar dubawa ki tafi da tef ɗin awo. Ƙofa ta kai faɗin santimita 80 don keken guragu, wurin wanka ya zama babu dakali a bakinsa, ga ƙarfen kamawa a bango. Gangara kada ta wuce tashin santimita 1 a kowane tsawon 12. Igiyar kiran gaggawa ta banɗaki ta sauko har kusa da ƙasa, tunda wanda ya faɗi a kwance yake, ba zai kai ga maɓallin da ke saman bango ba. Ki ja ta, ki duba agogo. A unguwa ta farko sau da yawa wata cibiya ce daga nesa take amsawa ta waya, a ta biyu ya kamata mutum ya shigo da ƙafarsa. Ki tambaya ma'aikata nawa suke kwana, ki koma da yamma ba tare da sanarwa ba, ki zanta da mazauna ba a gaban ma'aikaci ba.

A ganinmu, da gwiwar nan da faɗuwar da ta riga ta yi, ta biyu ta fi dacewa da Mama, muddin an lamunce mata gado a rubuce kuma kuɗin zai iya ɗaukar shekara goma ba tare da an ƙure ba. In fifiko kawai suke bayarwa, ƙarin kuɗin bai biya ba. Gara ta farko, ta haya in da hali, a ajiye ragowar don mai kula. Wacce ta fi kusa da wanda zai riƙa zuwa duk mako ita ma ta sami maki babba. Ku tafi da Mama duka wuraren biyu, in suna ba da kwanan gwaji ta kwana biyu ko uku, sannan ku ji ta bakinta kafin a biya kafin alƙalami.