Ɗakin tantance kifi a Yaba: aiki mai kyau, sakamako a makare

Na daɗe ina sarin kifi daga Epe ina kaiwa Idi-Araba, duk a jihar Legas, amma ranar da wani masunci ya miƙo mini kifi mai kama da kuroka, ƙayar ƙasan cikinsa tana da kaurin da ban saba gani ba, sai zuciyata ta raya mini cewa sabon nau'i ne. Ɗan ƙanwata, wanda ke karatun kimiyyar teku, ya ce: "Kawu, a sa shi cikin ƙanƙara mu kai a duba." Haka muka je wani ɗakin gwaje-gwaje mai zaman kansa a Yaba.

Abin da ya fi burge ni shi ne natsuwar matar da ta karɓe mu. Ta shimfiɗa kifin a kan allo, ta buɗe fuka-fukansa da allurai, ta ɗauki hotonsa tun launinsa bai dushe ba, sannan ta ƙirga ƙayoyin bayansa ɗaya bayan ɗaya da bakin hantsaki. Ta yanki ɗan fiffike ta jefa a kwalbar sinadari domin gwajin DNA, ragowar kuma ta jiƙa shi a fomalin, sinadarin da ke hana nama ruɓewa. Tana aiki tana bayani, cewa ba a kiran kifi sabon nau'i sai an gwada shi da danginsa da aka riga aka sani, an ajiye samfurin asali a gidan adana halittu, kuma an wallafa siffarsa da suna mai kalma biyu, bisa tsarin da ya faro daga masanin halittu Linnaeus a 1758.

Kifin nawa dai ba sabo ba ne. Pseudotolithus elongatus ne, wanda aka siffanta tun 1825, mai zama inda ruwan kogi ke gauraya da na teku, kuma wannan ƙaya mai kauri tana cikin alamomin da ke raba shi da ɗan'uwansa Pseudotolithus senegalensis, wani nau'in kuroka. Na ji ba daɗi, amma na gode da ba su ruɗe ni don su ƙara cin kuɗina ba.

Inda suka gaza shi ne alkawari. An ce mini mako biyu, sai da na yi sawu uku cikin cunkoson Ikorodu Road kafin takardar ta fito, ita ma cike da kalmomin Latin babu fassara. Duk wanda zai je, ya kai kifin da ɗanyensa, ya rubuta wurin da aka kama shi da ranar, domin su ne tambayoyin farko da za a yi masa.