Gargaɗi ga masu neman jirgin fiba a Yamai: fenti ba gyara ba ne

Jama'a, assalamu alaikum. Masunta, masu ƙetarar da mutane, masu kai baƙi kallon dorina wajen Ayoru, da ƙungiyoyin da ke sayen jirgi saboda ambaliya, wannan saƙo naku ne. Akwai wata damfara da ke yawo da sunan “jirgin fiba na Turai, an sabunta shi tsaf”. Fiba ita ce zaren gilas da aka haɗa da rezin, wato ruwan roba mai daskarewa. Kasuwarta tana buɗewa da zarar ruwa ya fara hawa a Agusta da Satumba, ta sake tashi idan babban ruwan da ke gangarowa daga Gine ya iso wajen Disamba zuwa Fabrairu.

Fuska biyu gare ta. Ta farko, jirgin ma babu shi. Za a sa hotuna a Facebook ko WhatsApp, a ce kaya na tashar Lome ko yana kan hanya, a turo kafin alƙalami don a riƙe maka, wai wani Alhaji ma yana so. Kana turawa sai a ce duwan ta tsare mota, a ƙaro. Daga nan lamba ta mutu. Maganin wannan gajere ne: abin da hannunka bai taɓa ba, kada ko dala ta fita.

Ta biyun ce mai kisa, don jirgin yana nan, yana walƙiya. An samo tsohon jirgi da ya shekara da shekaru a yashe, ruwan sama ya kwanta a cikinsa, an cike tsagoginsa da mastik na masu gyaran jikin mota, an goge, an fesa fentin mota. Aikin kwana uku. Mastik ɗin nan akwai hoda a cikinsa, yana shan ruwa, ya kumbura, ya ɓalle. Shi kuwa mai saye sai ya je tsakiyar kogi da mutane goma kafin ya sani.

Mutane suna cewa fiba ba ta ruɓewa. Gaskiya ne, amma yawancin tsofaffin jiragen nan ba fiba zalla ba ne. Bangon baya, inda ake ɗaura inji, katako ne mai falle-falle aka lulluɓe da fiba ciki da waje. Haƙarƙarin da ke ƙarƙashin daɓe ma sau da yawa katako ne. Ruwa yana shiga ta ramukan notin inji da na kusoshi, ya zauna, katakon ya koma kamar jiƙaƙƙen biredi, fatar waje kuwa tana nan sumul. Bangon bayan nan shi ke ɗauke da nauyin inji da duk turin da yake yi. Ranar da ya karye, inji ne zai tafi ƙasa da rabin bangon, ruwa ya shigo ta baya lokaci guda.

Don haka daga nan za ka fara. A fito da jirgi kan tudu. Ka ɗaga ƙafar inji sama, ka danna ta ƙasa da ƙarfinka, wani yana kallon bangon. Bango lafiyayye ba ya motsi. Idan ya lanƙwasa, ko ka ga tsaga tana buɗe baki a kusurwa, magana ta ƙare. Sannan ka ɗauki ƙaramar guduma ka bi bangon kana ƙwanƙwasawa, tazarar yatsu huɗu huɗu. Wuri mai kyau yana amsawa ƙwas-ƙwas, wurin da fiba ta rabu da katako yana cewa bus-bus kamar ka bugi kabewa. Ka kwance kusa ɗaya ta can ƙasa. In ruwa mai launin shayi ya biyo ta, katako ya tafi. Hanya mafi tabbas ita ce a huda ƙaramin rami na milimita 6 daga ciki, kusa da ƙasa, ba tare da an fasa waje ba: garin katako busasshe mai haske alheri ne, baƙi mai danshi ruɓa ce. Ramin ana toshe shi da rezin cikin minti kaɗan, saboda haka mai gaskiya ba ya hanawa. Ka kuma lura da farantin ƙarfe da ake mannawa a bayan bango a ce “ƙarin ƙarfi” ne. Sau da yawa rufin asiri ne.

Daɓe kuma, ka taka shi ba takalmi, lungu-lungu. Inda ya yi laushi, haƙarƙari ya mutu. A ƙarƙashinsa akwai kumfar da ke hana jirgi nutsewa. Idan ta sha ruwa, nauyi take ƙarawa maimakon ta ɗaga. Ka cire murfin ramin zubar da ruwa, a ɗaga goshin jirgi, ka tsaya ka gani. Jirgin da aka ce ya yi wata a tudu amma yana ta tsiyaya, cikinsa jiƙe yake. A ƙasan jiki ka shafa tafin hannu ka nemi ƙuraje. In ka fasa ɗaya ruwa mai warin tsami ya fito (kiyaye idonka), ruwa ya ratsa cikin fiba, kuma maganinsa a kankare, a wanke, a bar shi ya bushe makonni kafin a rufe.

Ga yadda gyaran gaske yake, don ku iya yi wa mai sayarwa tambaya. Ana gurje gefen tsaga a karkace, faɗin gurzar ya ninka kaurin jiki sau 12. Jiki mai kaurin milimita 5 yana son gurzar santimita 6 kowane gefe. A share da asetan, ruwan sinadari mai wanke maiƙo, a bar shi ya bushe. Sannan a jera tabarmar zaren gilas falle bisa falle har kauri ya dawo, ana murza kowane falle don iska ta fita. Tabarma mai giram 450 tana shan kusan kilo ɗaya na rezin a kowane murabba'in mita. Maganin daskarewa na rezin foliyesta kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ne, wato mililita 10 zuwa 20 a kilo, kuma a zafin Afrilu na Yamai ƙaramin awon ake bi, a inuwa, da sassafe. Wanda ya zuba da yawa don ya gama da wuri, rezin zai yi zafi ya tsattsage. Wanda ya rage, aikin zai zauna da danƙo. Rezin da ya wuce wata shida a shagon kwano ma ya fara lalacewa. Ka leƙa ta ciki da tocila: gyara mai kyau ana ganin faci a wurin, launinsa ɗaya, babu fararen tabo na busasshen zare. Tsagar da aka rufe daga waje kaɗai, ciki kuwa fenti sabo, abin tuhuma ce. Ka ce a nuna maka hotunan aikin kafin fenti.

Inji ma ana yi masa kwalliya. Sabon murfi da sabon tambarin Yamaha ba su nuna komai. Ka je da makanikenka, ba nasu ba. Ya cire buji ya auna matsin kowace silinda. Bambancin kada ya wuce kashi 10 cikin 100. Ya kwance notin man giya na ƙasa: mai da ya koma fari kamar nono, ruwa ya shiga. A tayar da shi cikin ruwa a ga yana fitar da ruwan sanyaya da ƙarfi. Tsawon ƙafa kuma ya dace da bango: gajera ta bangon santimita 38 ce, doguwa ta 51.

Saura takardu. Jiragen Amurka tun 1972, da na Turai tun 1998, suna da lambar ƙira a bangon baya ta hannun dama, kuma yawanci lambobi biyun ƙarshe shekarar samfurin ce. In an cike wurin da mastik ko an goge, ka tambayi dalili. Lambar inji tana jikin maƙalarsa. Ta yi daidai da ta takardar duwan. A rubuta takardar ciniki da lambobin biyu, da shaidu, da hoton katin shaidar mai sayarwa.

Bayan duk wannan, sai gwaji a ruwa, aƙalla awa ɗaya, da nauyin da za ka riƙa ɗauka. Buhunan yashi sun isa, ba sai an sa rayuka ba, kuma duk wanda ya shiga ya sa rigar ceto. A yi gaba da ruwa, a dawo, a fito da shi, a sake buɗe ramin zubar da ruwa. Wanda aka riga aka cuta kuma, don Allah kada kunya ta sa ka sayar wa wani. Ka adana hotuna, saƙonni da rasiɗin aika kuɗi, ka kai ƙara wurin ƴan sanda ko jandarma, jirgin kuma ya zauna a tudu har a canza katakon bayansa.