A Istanbul ko nasiha sai da izini

'Yan uwa na gida, ina gaisuwa. Kullum tambayarku farashin abaya da kuɗin aiko kaya, amma yau wani abu daban ne ya tsaya mini a rai.

Akwai wani ƙaramin masallaci a wajen unguwar Laleli ta Istanbul inda 'yan kasuwarmu ke haɗuwa. Bayan La'asar wani dattijo daga Maraɗi ya ce, "Malam, ɗan tunatar da mu kan amana, cuta ta yi yawa a harkar saƙo." Na gyara zama, na yi basmala, ban kai ƙarshen aya ba liman ya dafa kafaɗata. Cikin ladabi, har da murmushi, ya ce ba a karantarwa a masallaci sai da izinin ofishin mufti. Ni da nake jan baƙi a tafsiri tun ina saurayi! A gaban jama'a na naɗe ƙafa na tashi, ana sanyi amma zufa nake.

Liman a nan ma'aikacin gwamnati ne, ladan ma haka. Diyanet, hukumar harkokin addini ta Turkiyya, ita ke biyansu albashi, ita ke kula da masallatai kusan 90,000, ita ke rubuta huɗubar Juma'a ta rarraba. Abin da ka ji a Istanbul shi ɗan uwanka ya ji a Konya. Kuma gaskiya aikin na kyau. Kafet mai taushi, ruwan alwala mai ɗumi a masallacin unguwarmu lokacin hunturu, bayan gida tsaf ba ka toshe hanci. Ba liman mai jiran ɗan abin da za a dunƙula masa bayan ɗaurin aure. In na tuna butocinmu masu yoyo da tabarmin da rana ta cinye, sai kunya ta kama ni.

Sai dai kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Atatürk, shugaban Jamhuriyar Turkiyya na farko, shi ya kafa Diyanet a 1924, ranar da aka rushe halifanci. A 1925 aka rufe zawiyoyin ɗariƙu. Daga 1932 har 1950 da Turkanci ake kiran sallah, sai da Firaminista Adnan Menderes ya hau aka dawo da Larabci. A 1997 sojoji suka matsa, aka taƙaita karatun Alƙur'ani ga ƙananan yara, ɗalibai mata masu ɗankwali suka sha wuya a jami'o'i. Yau a zamanin Erdoğan hukumar ce dai, amma ta yi ƙiba, har Ayasofya, tsohon ginin nan na Istanbul da aka mayar gidan tarihi, ta koma masallaci a 2020.

Labarin ƙungiyar Fethullah Gülen, wani malamin wa'azi ɗan Turkiyya, shi ya fi ba ni tsoro. Shekaru suna ɗasawa da gwamnati, ga makarantu, ga jaridu. Suka ɓata a 2013, aka ɗora musu yunƙurin juyin mulkin 15 ga Yulin 2016, aka rufe komai nasu, dubbai suka shiga kurkuku. Har makarantunsu na Yamai sai da aka miƙa wa gidauniyar Maarif ta gwamnatin Turkiyya. Yanzu ko sunansa mutane ba sa son ambata a shago.

Wallahi ina kewar azumin gida, Izala na tafsiri a wannan lungu, 'yan Tijjaniyya a wancan, kowa da lasifikarsa. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya: mun bar malaminmu da baki a sake, aljihu kuma wayam, shi ya sa da zaɓe ya matso sai ka gan shi a gidan gwamnati, ya fito da mota da kujerar Hajji, huɗuba ta sauya. Masu murna da batun lasisin wa'azi a Kaduna da jihar Neja don za a toshe bakin abokin hamayyarsu, gwamnan da ke riƙe da hatimin yau ba shi zai riƙe shi ba nan da shekara takwas. Ku alhazan unguwa da ke gasar tayil da hasumiya, ku fara yanka wa liman da ladan albashi duk wata daga aljihunku, ku kuma gyara bayan gidan nan.